Tayar tseren babur: a roba sirrin yake ko a saƙar ciki?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin tseren MotoGP. Mu nan in taya ta cinye, zanenta ya shafe, cewa ake yi ka jefar da ita kafin ta jefar da kai. To ga mutanen nan suna gudun da ya haura kilomita 350 a awa a kan tayar da ko ɗigon zane babu, sumul, su kwanta a kwana har gwiwar hannu na gogar ƙasa. Yaya lissafin yake? Wani abokina ya ce wai robar ce mai laushi kawai, shi ke nan. In haka ne me ya hana a yi mana irinta mu huta da santsi?

Baba Mai Faci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sumul iri biyu ne. Tayar da ta cinye robarta ce ta ƙare, saura ƙiris zare ya leƙo, ɗan abin da ya rage kuma rana da shekaru sun busar da shi. Tasu kuwa robar na nan cif, zanen ne tun asali ba a yi ba. Shi zane ba don riƙe ƙasa ake yin sa ba, hanyar ruwa ce, ya samu inda zai bi ya fita daga ƙarƙashin taya. Inda babu ruwa, duk tsagar da ka yi ragin roba ka yi. Ka lura ran da aka yi ruwan sama a tseren, ai masu zane suke sawa. Abin da ke cikin robar kuma sai Injiniya ya zo.

Injiniya:
Baba ya riga ya yi rabin aikin, Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan Fagge, fara da wannan: wurin da tayar babur ɗin tsere ke taɓa kwalta faɗinsa wajen na katin ATM ne. Injin da ƙarfinsa ya kusa doki 300, birkin da ke ɗaga tayar baya sama, kwanciyar da ke haura digiri 60 a kwana, duk ta wannan ɗan wurin suke bi. Brad Binder ya taɓa kilomita 366.1 a awa a Mugello ta Italiya a 2023, kuma a ƙarshen miƙaƙƙen titin nan dole ya taka birki ya shiga kwana, tayar gaba ce kaɗai tsakaninsa da bango.

Roba tana riƙe kwalta ta hanya biyu. Ta farko, kwalta ba sumul take ba, tsakuwa ce aka haɗa. Roba na lotsawa ta shiga tsakankanin tsakuwar, amma ba ta dawowa da saurin da ta lotsa. Wannan jinkirin dawowar shi ke hana ta zamewa, shi ne kuma ke haifar da zafi a cikinta. Ta biyu mannewa ce ta zahiri tsakanin fuskar roba da fuskar dutse, tana kamawa tana saki ba adadi. Ruwa na taɓa titi ta biyun ke fara mutuwa.

Dukansu biyu da zafi suke aiki. Ka ɗauki cingam: da sanyi ƙandas yake, ya ji ɗumi ya yi danƙo ya kama komai, zafin ya yi yawa ya saki jiki ya zama ba shi da amfani. Tayar tsere tana son wajen digiri 100, ta baya ma fiye da haka. Shi ya sa kake ganin tayoyin a naɗe cikin bargon lantarki har zuwa lokacin tashi, ana riƙe su a wajen digiri 90. In ta huce mahayi ya matsa mata, fuskarta yagewa take yi tana dunƙulewa ƙanana-ƙanana, babur ya koma tafiya a kan ɓurɓushin tayarsa. In zafin ya wuce misali kuma ta yi bororo daga ciki, gutsure ya ɓalle. Saboda haka ka gaya wa abokinka ba laushi ba ne maganar. Mai laushi a rana mai zafi zagaye kaɗan za ta yi ta dahu. Mai tauri a safiya mai sanyi ba za ta taɓa farkawa ba. Wadda ta dace da zafin titi a wannan ranar ita ce mai riƙo.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. To ita robar mece ce a cikinta, Injiniya? Ba ta itace ba ce irin wadda ake tatsa a kudu?

Maman Hanif:
Bari in tari numfashin Injiniya, don nan fagena ne, sinadarai nake koyarwa. Ƙanena, akwai ta itacen, irin wadda ake tatsa a Edo da Delta da Kuros Riba, amma fuskar tayar tsere galibinta robar masana'anta ce da ake samu daga man fetur, saboda ita ce za ka iya tsara mata daidai zafin da kake so ta fara danƙo. Ana kwaɓa ta da baƙin garin kabon, wanda shi ne ya sa taya baƙa kuma shi ke ba ta ƙarfin jure guga. Sai silika, dangin yashi, wadda ke taimakon riƙo a jiƙaƙƙen titi da lokacin sanyi, don haka ta fi yawa a tayoyin ruwa. Sai mai da ƙaro masu sa laushi da danƙo. Sai farar wuta.

Farar wutar nan kada a raina ta. Ɗanyar roba ba ta riƙe siffa. In an gasa ta da farar wuta sai zarurrukan cikinta su ɗaure da juna, ta zama abin da zai miƙe ya dawo. Charles Goodyear ya yi wa wannan dabarar rajista tun 1844. Yawan ɗaurin shi ke raba mai tauri da mai laushi, tare da yawan man da aka zuba. Kuma gashin ba ya tsayawa a masana'anta gaba ɗaya: duk lokacin da taya ta ɗau zafi ta huce, ta ƙara ƙandarewa kaɗan, man cikinta ya ragu. Don haka tayar tsere tana iya mutuwa robarta na nan da kauri.

Ainihin ma'aunin kowane sinadari kuwa kamfani ba ya faɗa. Michelin a Clermont-Ferrand ta Faransa take yin na MotoGP, kuma bayan tsere kwashe abinta take yi, ko ƙonanniya ba ta bar wa ƙungiya.

Abban Sadiq:
Malama da Injiniya kun yi bayani, amma duk kun tsaya a fata kun bar ƙashi. Ni tun zamanin babura masu cc 500 nake kallon tseren nan, kuma abin da ya sauya tafiyar ba roba ba ce, saƙar ciki ce.

Tayar da, zarenta a gicce ake shimfiɗa shi, falle kan falle. In taya na lotsawa fallayen na gugar juna, zafi ya taru, in gudu ya yi yawa ta kumbura ta sauya siffa. A tsakiyar shekarun 1980 Michelin ta kawo radiyal cikin tseren babur: zare ya tashi daga bakin rim na nan ya haye kai tsaye zuwa na can, sannan a yi masa ɗamara a sama ta riƙe doron. Gefe ya yi aikinsa daban, doro ya yi nasa. Daga nan aka samu damar yin taya mai faɗi, gajeren gefe, wadda ba ta cika tara zafi ba. To sai da aka samu wannan sannan masu kwaɓa roba suka samu sararin sassauta ta. Freddie Spencer ya haɗa kambin 250 da na 500 a 1985 a kan Michelin, a daidai wannan zamanin. Saƙa ce ta buɗe ƙofa, roba ta biyo baya.

Injiniya:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba, amma saƙa ba ta taɓa ƙasa. Duk kyawun zarenka, rayon ne ko nailan ko aramid, in robar da ke sama ba ta cikin zafinta faɗuwa za ka yi.

Abban Sadiq:
To wa ke ba robar zafin? Ai lotsawar saƙar ce. Saƙa mai laushi ta lotsa da yawa, wurin taɓa ƙasa ya faɗaɗa, zafi ya zo da wuri. Mai tauri ba ta lotsawa sai ka danne ta da ƙarfi. Ka ɗora roba ɗaya tak a kan saƙa biyu, mahayi zai rantse maka tayoyi biyu ne daban.

Ga Mandalika ta Indonesiya a 2022. A gwajin Fabrairu Honda ta yi kyau, mahayinta Pol Espargaró har yana saman jadawali. Zafin wurin ya tsorata Michelin, da aka dawo tsere a Maris sai ta kawo tayar baya mai tsohuwar saƙa mai tauri, wadda ke jure zafi. Babur ɗin Honda da aka gina a kan riƙon baya ya rasa inda zai sa kansa. A safiyar tseren bayan babur ya ƙwace wa Marc Márquez, shi ma mahayin Honda, ya cilla shi sama, faɗuwar da ta hana shi shiga tseren. Babur ɗaya, fili ɗaya, wata ɗaya tsakani. Me ya sauya?

Sannan 2020. Michelin ta kawo sabuwar tayar baya, riƙonta ya fi na da, kowa ya shaida. Amma Andrea Dovizioso, wanda ya zo na biyu a gasa shekara uku a jere kafin nan, ya kasa gane kanta. Shi salonsa ya taka birki bayan babur ya ɗan zame ya taya shi tsayawa da juyawa. Sabuwar ta ƙi zamewa, sai ta riƙa tura ta gaba. Riƙo ya ƙaru, shi kuwa ya ci baya.

Maman Hanif:
Alhaji, ka tuno min da abin da ba na so. Ranar Mandalika ko abincin rana ban iya ci ba. Amma a wannan kam kai ke da gaskiya, kuma ba Mandalika kaɗai ba, a Red Bull Ring ta Ostiriya da Buriram ta Tailan ma saƙa ta musamman ake kai wa ta baya, saboda dogayen miƙaƙƙun wurare da zafi suna dafa tsakiyar taya.

Sai dai ni ma ina da shaidata a ɓangaren roba. Sachsenring ta Jamus kwana goma hagu take da su, uku kacal dama. Gefen hagu na taya yana cin wuta, na dama yana hucewa. Sai ka gama jerin kwanar hagu ka faɗa kwana ta 11, ta dama ce, mai gangara, ana shigarta da mugun gudu, a kan gefen da ya daɗe bai taɓa ƙasa ba. Mahaya da yawa sun sha ƙasa a nan. Maganin da aka yi ba a saƙa yake ba: roba biyu aka ɗora wa taya ɗaya, hagu mai tauri, dama mai laushi da ke ɗaukar zafi da wuri. Haka ake yi a Phillip Island da Valencia, har ta gaba. Kai har tayar babban mashin ta kasuwa yanzu tsakiyarta tauri gare ta don ta daɗe, gefenta laushi don kwana. Daga tsere aka kwaso.

Na Damagaram:
Sannunku da muhawara. Tunda an ambaci Phillip Island, 2013 fa? An sake zuba wa titin sabuwar kwalta, riƙo ya ƙaru, zafi ya ƙaru, tayoyin Bridgestone suka kasa. Tseren da ya kamata ya yi zagaye 27 aka mai da shi 19, aka ce kowa dole ya shigo ya sauya moto a tsakiya, kada wanda ya wuce zagaye 10 a kan taya ɗaya. Ƙungiyar Márquez ta yi kuskuren ƙirga, ya shigo a makare da zagaye ɗaya, aka ɗaga masa baƙar tuta, wato an fitar da shi daga tseren, Lorenzo ya ci. To wannan laifin roba ne ko na saƙa? Ni a ganina na kwalta ne, kuma duk kun manta da ita.

Injiniya:
Na Damagaram ya shigo da na uku. Gaskiya ne, sabuwar kwalta tsakuwarta da kaifi take. Kuma Phillip Island ƙarshenta doguwar kwanar hagu ce da ake buɗe wuta tun babur na kwance, a sashe ɗaya na taya, ga iska mai sanyi daga teku tana busar gefen dama. Ba wurin da ya kai shi wahalar da masu yin taya.

Mai Babban Mashin:
Tunda manya sun hallara bari in sako tawa. Ina da mashin mai cc 1000. Wani ya kawo min sumul ɗin nan guda biyu, 'yan gwanjo, ya ce daga MotoGP aka ciro su, ko rabi ba su ci ba, kuɗin kuma bai kai rabin sabuwar taya ba. Na ce in ɗora don fita ta ranar Lahadi. Me kuka gani?

Baba Mai Faci:
Oga, kar ka ɗora. An taɓa kawo min irinsu shago in sa wa wani. Da na juya ta a rana sai na ga gefenta ya yi wani shuɗi-shuɗi yana ƙyalli, can bakin kuma roba ta narke ta dunƙule ta bushe a haka. Na sa farce na danna, ko alama bai bari ba. Akwai 'yan ramuka da suke yi mata don a gane cin da ta yi, ramukan na nan da zurfi, ka ce sabuwa ce. Amma robar ta mutu. Na ce da mai ita ni ba da hannuna ba.

Kowace taya ma za ka saya ka duba gefenta, akwai lamba huɗu a ɗan zagaye. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019. Mutane zane suke dubawa, ba sa duba haihuwa.

Maman Hanif:
Shuɗin da Baba ya gani man cikin robar ne zafi ya turo shi waje. Sannan mai sayarwar ƙarya ya yi maka, na MotoGP ba sa fita kasuwa, kowace da lambarta, komawa take yi hannun kamfani. Wataƙila na masu zuwa filin tsere don nishaɗi ne a Turai, sun gama more su suka zubar.

Injiniya:
Ko sabuwa fil ce ma kada ka hau titi da ita. Ba ka da bargo, ga danja, ga cunkoso, ga tsayawa shan mai. Ba za ta taɓa kai zafinta ba, kuma sumul mai sanyi ta fi tayar kasuwa santsi nesa ba kusa ba. Ka haɗu da ruwan da ya malalo daga kwata ko yashi a kwana, sai dai wani ya ba da labari. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko ma, Ɗan Fagge: tseren gaba ɗaya wajen kilomita 110 zuwa 120 ne, tayar an yi ta ne ta ƙare a nan. Ɗan acaɓa kafin la'asar ya ci wannan tafiyar.

Mai Babban Mashin:
Na ji, na fasa. Baba, zan kawo maka mashin ɗin ka duba min haihuwar waɗanda ke kai.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya da ke ɗaure min kai. A Katar 2025 da idona na ga Maverick Viñales ya zo na biyu, ya hau mumbari, an gama murna, can sai na ga sakamako ya koma na 14. Aka ce wai iskar taya. Iska kuma?

Na Damagaram:
Wannan dokar ita ce ta fi ba ni haushi a tseren yanzu. Tun 2023 aka fara hukunci a kanta. Yadda take daga 2024: iskar tayar gaba kada ta gaza bar 1.8 a ma'aunin iska a kashi 60 cikin ɗari na zagayen babban tsere, kashi 30 a gajeren tseren Asabar. Ka gaza a ƙara maka daƙiƙa 16 a babba, 8 a gajere. Viñales 16 ɗin aka ɗora masa. Quartararo ma a Jerez 2024 ya taso daga can baya ya zo na uku a tseren Asabar, aka ƙwace aka ba Pedrosa.

Abin takaicin, iskar ba a hannun mahayi take ba. In kana bin wani a baya, zafin motonsa na dukan tayarka ta gaba, iska ta hau, wurin taɓa ƙasa ya tsuke, birki ya ƙi kamawa. Don haka makanikai suke farawa da iska ƙasa-ƙasa. To in Allah ya ba ka sa'a ka wuce gaba kai kaɗai, iska mai sanyi na bugun tayar, ba za ta hau ba, ka karya doka ke nan. Wato tun kafin a tashi sai an yi maka duba: gaba za ka kasance ko baya? Viñales ba wanda ya zaci KTM ɗinsa za ta ja gaba a daren nan, har da mutanensa.

Baba Mai Faci:
1.8 ɗin nan nawa ne a gejinmu?

Injiniya:
Wajen 26, Baba.

Baba Mai Faci:
To ai ba yawa. Ni nan sai ɗan acaɓa ya ce in ƙara in ƙara har taya ta koma dutse, wai ya fi gudu kuma ya fi ɗaukar buhu. Ashe su can rage ta suke so a bar su su yi.

Maman Hanif:
Shi ya sa nake cewa nawa gwanin daban ne. Tailan 2025 Márquez yana gaba shi kaɗai, ya ga a allon babur iskarsa ba ta kai ba, ya sassauta da gangan ya bar ƙanensa Álex ya wuce, ya laɓe a bayansa yana ɗumama taya har lissafi ya cika, saura zagaye kaɗan ya wuce abinsa ya ci.

Na Damagaram:
Hajiya, wayo ne, na yarda. Amma tseren da na gaba ke ba da hanya don ya ɗumama taya, sunansa tsere?

Injiniya:
Ni ina bayan dokar, ko da yake yadda ake hukuncin bayan an gama biki bai yi min ba. Ku tuna 2016, shekarar da Michelin ta dawo ta karɓa daga Bridgestone, aka koma rim mai inci 17 daga 16.5. A gwajin Sepang tayar bayan Loris Baz ta fashe a miƙaƙƙen titi yana cikin cikakken gudu, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Ba a jima ba a Ajantina fuskar tayar Scott Redding ta ɓare ta dake shi a baya, har aka tilasta sauya babur a tsakiyar tseren. Iska in ta yi ƙasa saƙa na lotsawa fiye da abin da aka gina ta a kai, kuma ba gargaɗi take yi ba. Yanzu ga fukafukai a jikin babur suna danne gaba, ga na'urar da ke durƙusar da shi, birki ya ƙara ƙarfi. Nauyin da ke kan tayar gaba yau ba shi ne na 2016 ba. Kamfanin da sunansa ke jikin tayar ba zai zuba ido ba.

Abban Sadiq:
Ka ga ka dawo kan maganata, Injiniya, saƙa kake karewa da dokar. Kuma gyaran a bayyane yake: a yi sabuwar tayar gaba da za ta ɗauki nauyin babur ɗin yau, a daina auna mutane da daƙiƙa 16.

Duk wannan zaman kamfani ɗaya ne ya jawo. Da can da Michelin da Bridgestone da Dunlop ke gwabzawa wa zai tsaya? Michelin har taya take haɗawa a daren Asabar da bayanan gwajin ranar, a kawo ta filin tsere a Turai kafin safiyar Lahadi. Da aka kafa dokar taya 31 ga kowane mahayi a 2007, a zaɓa tun kafin a fara gwaji, wannan dabarar ta mutu, Casey Stoner ya ɗauke gasar da Ducati a kan Bridgestone. Rossi ya ga haka ya nace sai an ba shi Bridgestone, ya samu a 2008, ya karɓe kambin. Tayar gaban Bridgestone ta zamanin nan, iya dannawarka iya riƙonta. Da aka koma Michelin a 2016 ƙarfin ya koma baya, mahaya suka yi ta zubewa ta gaba kafin su saba.

Na Damagaram:
Alhaji, labarin da ka bayar ai hujjata ce ba taka ba. Tayar daren Asabar ɗin wa ake ba? Manya biyu ko uku. Sauran su ɗauki abin da ya samu. Kuma in kamfaninka ya yi kuskure a wani fili, ko kai waye ka tashi a banza tun ranar Juma'a. Daga 2009 da aka koma kamfani ɗaya kowa taya iri ɗaya yake samu, rabon ma ba kamfani ke zaɓa wa mutum ba. Shi ya sa yau ƙaramar ƙungiya ke iya cin tsere.

Abban Sadiq:
Ƙaramar ƙungiya da babur ɗin Ducati, ka ƙarasa. Kamfani ɗaya bai kawo adalci ba, ya dai sauya wanda ake zalunta. Da ana yi wa babur taya, yanzu babur ake yi wa taya. Wanda ƙirarsa ta dace da ita ya ji daɗi, wanda tasa ba ta dace ba ya shekara uku yana gyara.

Ɗan Fagge:
To 2027 da aka ce Pirelli za ta karɓa fa? Komai zai koma sabo ke nan?

Injiniya:
Kusan haka. Abu uku za su zo lokaci guda: inji ya sauko zuwa cc 850, a hana na'urar durƙusar da babur tare da rage fukafukai, sannan taya ta koma Pirelli. Ita kuma Michelin ta koma gasar Superbike, ta baburan kasuwa da aka gyara don tsere, inda Pirelli take tun 2004, musanya suka yi. Pirelli ta riga ta karɓi Moto2 da Moto3, ƙananan azuzuwan da ke ƙasa da MotoGP, daga Dunlop tun 2024, saboda haka yaran da ke tasowa sun san halinta. A Superbike an san tayarta da saƙa mai lotsawa, tana motsi a ƙarƙashin mahayi tana gaya masa inda iyaka take, kuma irin wadda ake tsere da ita ana sayar da ita a kasuwa. Ta MotoGP dai ta musamman za a yi.

Maman Hanif:
Masu cewa Toprak Razgatlıoğlu, gwanin da ya fito daga Superbike, zai ci banza a 2027 saboda ya girma a kan Pirelli, a bi a hankali. Birkinsa abin kallo ne, ba musu, amma birkin kabon da firam ɗin MotoGP ba na Superbike ba ne, tayar da za a ɗora musu ma ba za ta zama waccan ba.

Abban Sadiq:
Malama, kamfani ba ya sauya hannu dare ɗaya. Masu saƙa wa Superbike su ne za su saƙa wannan, kuma yaron ya san yadda tayarsu ke lotsawa in an danne ta da birki, abin da sauran sai sun faɗi sau da yawa kafin su koya. Ni na ce zai hau mumbari a shekarar. In bai hau ba, kilishin group ɗin nan a wuyana.

Na Damagaram:
An rubuta, Alhaji. Na Yamai muke so, ba na tasha ba.